Ɗaliban da Suka Yi Suna Wajen Karya Manhaja

Ranar 14 ga watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zauna gaban 'yan jarida a Bwari yana share hawaye, ya amsa cewa an tafka kuskure a jarrabawar shiga jami'a ta shekarar. Ɗalibai 379,997 ne a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas aka fitar wa sakamakon da bai dace da abin da suka rubuta ba, sai da aka sake kiran su suka zauna. Kafin wannan rana an kwashe kwanaki ana yi wa yara faɗa a rediyo da shafukan sada zumunta, wai waya ta cinye musu lokaci, wai da ma da satar amsa suka saba, yanzu kuma an toshe. Ashe wani faci ne aka yi wa manhajar jarrabawar, facin ya hau wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke kula da cibiyoyin, bai hau sauran ba. Babu wanda ya lura sai da sakamako ya fita, iyaye suka yi ca.

Fitowar da ya yi ya amsa laifi abin a yaba ne, ba kowane mai riƙe da muƙami ke iya haka a ƙasar nan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da muka laƙaba wa lamarin, muka kuma wuce: tangarɗar na'ura. Wannan kalma ta zama bargon da ake rufe komai da shi. Kuɗi ya fita daga asusunka bai isa inda ka tura ba, tangarɗar na'ura. Albashi ya makara, tangarɗar na'ura. Muna faɗin ta kamar yadda muke faɗin an yi ƙanƙara ko fara ta sauka, abin da ya fi ƙarfin kowa, sai dai haƙuri. Alhali na'ura ba ta da ranar da take tashi da fushi. Abin da aka rubuta mata shi take bi, harafi bayan harafi. In ta kauce, to wani ne ya rubuta ba daidai ba, wani kuma da ya kamata ya duba bai duba ba. Akwai fannin ilimi sukutum da aka kafa saboda wannan dubawar, kuma shi ne ƙashin bayan abin da jami'o'i ke kira injiniyancin manhaja.

Jami'o'inmu da dama yanzu suna da wannan sashe, iyaye kuma na tura 'ya'yansu da murna. Amma ka tambayi uba me ɗansa ke karantawa, zai ce maka yana koyon haɗa manhajar waya. Ka je bikin baje kolin ayyukan ɗalibai, abin da za ka gani ke nan: allo mai launi, maɓallai masu kyau, babban baƙo ya danna, abu ya buɗe, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. A wurinmu nasarar ɗalibi ita ce ya gina abin da ya yi aiki sau ɗaya a gaban manya. Wannan fahimtar ce take damuna, domin wasu daga cikin ayyukan ɗalibai da suka fi amfanar duniya a wannan fanni ba gini ba ne. Rushewa ce, da gangan, da tsari, da lissafi.

A kakar shekarar 1988, wani malami a Jami'ar Wisconsin da ke birnin Madison a Amurka, Farfesa Barton Miller, yana zaune a gidansa da dare yana aiki da kwamfutar makaranta ta layin tarho, kamar yadda ake yi a wancan zamani. Ana tafka ruwa da tsawa. Ruwan ya sa layin ya riƙa kawo ƙara, ƙarar kuma tana rikiɗewa ta zama haruffan banza da ke kutsawa cikin abin da yake bugawa. Sai ya zama yana tsere da layin, ya samu ya gama rubuta umarni kafin shirme ya shigo ciki. Wannan bai ba shi mamaki ba, kowa ya san halin layin tarho da damina. Abin da ya tsayar da shi shi ne manhajojin da haruffan banzan ke faɗawa cikinsu suna mutuwa nan take. Kuma ba ƙananan manhajoji ba ne, kayan aikin tsarin Unix ne da ƙwararru suka rubuta, ake amfani da su kullum a jami'o'i da kamfanoni, kowa ya yarda da su. Kamata ya yi manhaja ta ce ban gane wannan ba, sake rubutawa. Maimakon haka sai ta faɗi warwas.

Mutum nawa ne irin wannan ya faru da su a daren, suka yi tsaki suka kashe na'ura suka kwanta? Shi Miller sai ya mayar da abin aikin aji. Ya ba ɗalibansa masu karatun gaba da digiri aikin su rubuta 'yar ƙaramar manhaja da ba ta da sana'ar da ta wuce amayar da haruffa barkatai, su ɗura wa kayan aikin Unix ɗaya bayan ɗaya, su ƙirga nawa ne za su mutu ko su maƙale. Ya sa wa dabarar suna fuzz. Mu ce gwajin shirme. Ɗalibai biyu, Lars Fredriksen da Bryan So, su suka kai aikin gaci. Sun gwada manhajoji kusan 90 a kan nau'o'in Unix bakwai, kuma a kowane nau'i sun kashe tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari. Wato kusan ɗaya cikin kowane uku ko huɗu. An buga sakamakon a watan Disamban 1990 a mujallar Communications of the ACM, da sunan malamin da ɗalibansa biyu.

Ba da hannu biyu aka karɓi aikin ba. Miller da kansa ya sha ba da labarin yadda masana gwajin manhaja na lokacin suka raina shi, suna ganin ba kimiyya ba ce, watsa tsakuwa ne a duhu. Suna da hujjarsu. Sai dai tsakuwar tana ta samun abu, kuma wannan shi ne abin da ya gagari musu.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin nan ne gizo ke saƙar. Me ya sa manhajar da aka gwada, ta yi aiki shekara da shekaru, za ta mutu don an ba ta shirme? Saboda wanda ya rubuta ta shi ne ya gwada ta, kuma ya gwada ta ne da abin da yake tsammani. Magini ne ya gama rufin ɗaki a watan Maris, ya tsaya ciki ya ɗaga kai, ya ce bai ga inda yake yoyo ba. Gaskiya ya faɗa, amma rufi sai Agusta ake sanin halinsa. Ko ɗan koyon tuƙi da ya zagaya filin makaranta sau hamsin bai taɓa komai ba, ya ce ya ƙware. Bai haɗu da ɗan adaidaita da zai yanko masa ta hagu ba, bai haɗu da akuya ba, bai haɗu da yaron da zai biyo ƙwallo ba. Ko kuwa tela da ya ɗinka riga ya rataye ta, ta yi kyau a jikin ƙusa. Sai mai ita ya sa ya durƙusa za a ji inda zaren ya yi ƙaranci. Mai rubuta manhaja, in ya sa gurbin shekaru, zai buga 25 ya ga ta karɓa. Ba zai zo masa a rai ya buga sifili ba, ko harafi, ko lamba mai tsawon layi uku, ko ya bar gurbin fanko, domin shi ya san abin da ake nufi da gurbin. Duniya kuwa ba ta sani ba, kuma ba ruwanta.

Wani zai ce to a gwada komai mana. Ba ya yiwuwa, kuma lissafin mai sauƙi ne. Ɗauki gurbi guda da ke karɓar haruffa goma kacal daga cikin haruffa 26 na Turanci, ba manya, ba lambobi, ba alamomi. Yawan kalmomin da za a iya haɗawa ya haura tiriliyan 141. In kwamfuta na gwada miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, ba hutu, ba ɗauke wuta, sai ta yi kusan shekara huɗu da rabi kafin ta gama da wannan gurbi ɗaya tak. Fom ɗin rajistar makaranta kuma yana da gurabe ashirin ko talatin. Shi ya sa tun wajen 1970 masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya ja hankali cewa gwaji na iya nuna akwai aibi, amma ba ya iya nuna babu. Mai sayen buhun masara ba ya iya duba kowace ƙwaya. Abin da yake yi shi ne ya soka a sama, ya soka a tsakiya, ya soka a ƙasa, musamman inda mai buhun bai so a soka ba. Ilimin gwajin manhaja kusan duk a kan wannan yake: ina za a soka, kuma sau nawa.

Na ga wannan da idona a wani kafe, lokacin da na raka 'yar ƙanwata cike fom ɗin wata makaranta. Sunanta Sa'adatu. Yaron kafen ya buga komai, ya danna turawa, shafin ya yi fari fat, sai wani dogon rubutu ja a samansa. Ya sake, haka. Ya ce sabis ne, muka jira. Bayan kusan awa guda wani abokin aikinsa ya leƙo allon, bai ko zauna ba ya ce, "Malam, wannan alamar ta sama ce matsalar. Duk masu irin sunan nan haka yake musu, su Mu'azu, su Rabi'u. A cire ta kawai." Yarinyar ta dube ni ta ce, "Kawu, ai ba haka ake rubuta sunana ba." Ranar ce ta ƙarshe, layi kuma ya yi tsawo a bayanmu. Aka cire, fom ya tafi.

Abin da ya faru a cikin na'urar shi ne wannan. A yaren da manhaja ke magana da rumbun ajiyar bayanai, wannan 'yar alama ta hamza ita ce ke nuna nan magana ta ƙare. Da rumbun ya karanta "Sa" ya ci karo da ita, sai ya ɗauka suna ya ƙare, ragowar "adatu" kuma umarni ne aka ba shi. Bai san umarni mai wannan suna ba, sai ya tsaya. Mu ɓacin lokaci kawai ya jawo mana. Amma duk wanda ya san sana'ar, in ya ga shafi ya mutu saboda hamza, ya san ƙofar a buɗe take: a daidai inda "adatu" ya zauna, ɓarawo na iya rubuta umarni na gaske, ya ce a nuna masa sunayen kowa, ko a sauya maki, ko a share komai. An san wannan kafa tun ƙarshen shekarun 1990, maganinta kuma layi biyu ne ko uku. Sai ga shi a ƙasar da miliyoyin mutane ke ɗauke da hamza a sunansu, an ƙaddamar da shafi ba a taɓa gwada shi da suna irin namu ba. Ba a ma zo maganar ƙ da ɗ da ɓ ba, waɗanda shafuka da yawa ke mayarwa alamar tambaya.

Irin wannan dangantaka tsakanin faɗuwa da sata ita ce ta ɗaga darajar aikin ɗaliban Wisconsin. Da yawa daga cikin manhajojin da suka kashe, cuta ɗaya ce ta kashe su. Mai rubutun ya tanadi kwano mai cin mudu ɗaya, bai sa mai lura da baki ba, aka juye masa buhu. A cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa kwanukan a jere suke, jiki da jiki, abin da ya tumbatsa daga wannan cikin na kusa yake zuba. In na kusan shi ne ke riƙe da bayanin inda manhaja za ta nufa bayan ta gama, to wanda ya iya zubi zai iya juya akalarta inda ya ga dama. A daidai wannan kaka ta 1988, ranar 2 ga Nuwamba, wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta da ta bi ta irin wannan kafa, ta durƙusar da kwamfutoci da aka ƙiyasta sun kai 6,000, a lokacin da intanet ɗin duka ba ta wuce 'yan dubbai goma-goma ba.

Abin da ya fi burge ni da ɗakin binciken Miller shi ne naci. Ba su buga takarda ɗaya suka tafi ba. A 1995 wani rukunin ɗalibai ya maimaita gwajin, aka tarar manhajojin kamfanoni masu tsada suna mutuwa da kashi 15 zuwa 43, na kyauta kuwa da 'yan sa-kai ke rubutawa a fili sun fi su ƙarko: na GNU kashi 6, na Linux kashi 9. A 2000 suka juya kan Windows, a 2006 kan kwamfutocin Apple. A 2020, bayan shekara talatin da 'yan kai, suka sake komawa kan tsohon gwajin, da dabarar nan dai ta asali. Manhajoji 9 cikin 74 suka faɗi a Linux, 15 cikin 78 a FreeBSD, 12 cikin 76 a MacOS. Wannan shi ne ɗakin bincike: tambaya ɗaya da malami ya riƙe, ɗalibai na zuwa suna tafiya, kowa ya ɗora a inda na gabansa ya tsaya, kayan aikin da sakamakon kuma a buɗe ga duk mai son ya maimaita.

Yau dabarar da aka raina ta zama ruwan dare. Kamfanin Google ya buɗe wani shiri a ƙarshen 2016 mai suna OSS-Fuzz, inda dubban kwamfutoci ke ɗura wa manhajojin kyauta shirme dare da rana. Zuwa 2023 shirin ya taimaka an gano an kuma gyara kafofin tsaro fiye da 10,000 da wasu kurakurai 36,000 a manhajoji kusan dubu. Wayar da ke aljihunka tana ɗauke da da yawa daga cikin waɗannan manhajoji.

Wani ɗakin binciken, a Jami'ar Utah, ya kai abin wani mataki da ya fi wuya. Mai rubuta manhaja da yaren da mutum ke iya karantawa yake rubutu, sai wata manhaja ta musamman ta fassara shi zuwa yaren na'ura. Tafinta ce, kuma kowa ya dogara da ita ido rufe. To in tafintar ce ke kuskure fa? Ka rubuta daidai, ka duba sau goma, amma abin da ya isa kunnen na'ura daban. Farfesa John Regehr da abokin aikinsa Eric Eide da ɗalibai biyu, Xuejun Yang da Yang Chen, suka ƙera wani kayan aiki mai suna Csmith, wanda ke ƙirƙiro manhajoji barkatai a yaren C yana miƙa wa tafintoci. Matsalar ita ce, ta yaya za ka san fassara ta karkace alhali kai ba ka jin yaren? Sai suka yi abin da ɗan kasuwa mai wayo ke yi in zai aika saƙo ƙasar da bai san harshenta ba: ya ba tafinta uku wasiƙa ɗaya, kowa a ɗakinsa. In biyu suka faɗi abu ɗaya na uku ya bambanta, an san wanda za a tuhuma. Wahalar aikin, wadda ta ci musu shekaru, ita ce tabbatar da cewa wasiƙar kanta ba ta da harshen damo, domin in jimla na ɗaukar ma'ana biyu, ba ka da bakin zargin tafinta. A takardar da suka gabatar a 2011 sun ce cikin shekara uku sun kai rahoton kurakurai fiye da 325 da ba a san da su ba, 79 a tafintar GCC, 202 a tafintar LLVM, kuma babu tafintar da suka gwada da ba su kama ta tana fitar da fassarar ƙarya shiru ba tare da ta yi ko tari ba. Wadda ta fi ba su wuya ita ce CompCert, da Xavier Leroy ya jagoranci ginawa a Faransa, wadda aka tabbatar da ingancin cikinta da hujjar lissafi. Sun kashe mata lokacin kwamfuta da ya kai kimanin shekara shida, ba su samu kuskuren fassara a sashen da aka tabbatar ba.

Ita kanta LLVM ɗin da suka yi wa wannan tankaɗe, a Jami'ar Illinois aka fare ta a shekarar 2000, aikin wani ɗalibi ne mai suna Chris Lattner da malaminsa Vikram Adve. Ɗaliban wata jami'a sun gina, na wata sun zo sun nemo inda yake yoyo, masu ginin kuma suka karɓa suka gyara.

Sana'ar tana da haddi, kuma an taɓa ƙetare shi. Wasu masu bincike a Jami'ar Minnesota sun so su nuna cewa ana iya shigar da mugun gyara cikin Linux ba a lura ba, sai suka aika gyare-gyare masu ɗauke da aibi da gangan, ba tare da sanin masu kula da aikin ba. Da abin ya fito a watan Afrilun 2021, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, Greg Kroah-Hartman, ya rufe ƙofa ga duk wani gyara da ya fito daga jami'ar, aka koma ana bin tsofaffin gudummawarsu ɗaya bayan ɗaya. Masu binciken suka nemi afuwa, suka janye takardarsu. Gwada ƙarfin ƙofa daban, shiga gidan mutane da dare don ka nuna musu ƙofarsu ba ta da kyau daban. Duk ɗalibin da za a koya wa karya manhaja, dole a haɗa masa da wannan tun ranar farko, ya san a kan kwamfutarsa zai yi, ko da izinin mai abu a rubuce.

Kada a ɗauka manyan kamfanoni sun wuce wannan darasi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ɗan sabuntawa ga abokan cinikinsa, cikin sa'o'i kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka mutu a faɗin duniya. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki, bankuna suka tsaya. Da kamfanin ya fitar da bayanin musabbabi, sai ga shi wani sashe na manhajar yana jiran bayanai 21, aka miƙa masa 20, ya miƙa hannu ɗauko na ashirin da ɗaya a inda babu komai. Cikin alkawuran da suka yi na gyara hali har da ƙara gwajin shirme, wato aikin ajin nan na 1988. Lamarin JAMB ba irin wannan cutar ba ce daidai, can facin ne bai kai ko'ina ba, kuma gwajin shirme ba zai kama shi ba. Amma tarbiyyar da ke hana su biyun ɗaya ce. Mutum ne da aka horar ya ƙi yarda da "ai mun yi", ya ce a nuna masa, a kan kowace na'ura, kafin yaro ko ɗaya ya zauna gabanta.

Irin wannan mutum ne nake ganin ba mu himmatu wajen samarwa ba. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da matasa miliyan uku a fannonin fasahar zamani, abu ne mai kyau, ina kuma fatan ya ɗore. Sai dai yawan masu gini ba ya maye gurbin mai duba gini, musamman yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke rubuta manhaja cikin daƙiƙoƙi, ta miƙa maka abin da ya yi kama da daidai. Rubutun ya yi arha. Sanin ko abin da aka rubuta zai ɗauki nauyin da za a ɗora masa shi ne ya ƙara tsada. A ɓangaren hukumomi kuma, ana ba da kwangilar manhaja, wanda ya gina shi ne zai ce ta yi, a yanka kyalle, a buɗe wa jama'a. Ba za mu yarda ɗan kwangilar gada ya zama shi ne mai sa hannun cewa gadarsa ta inganta ba, amma a manhajar da ke riƙe da makin yara da albashin ma'aikata mun yarda.

A jami'o'in ma, duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kare furojet ya san yadda abin yake. Tsarin rajistar ɗalibai, tsarin kula da kantin magani, tsarin ajiyar bayanan asibiti, shekara bayan shekara, an sauya launi da sunan makaranta. Wasu ma a shagunan bakin ƙofa ake sayo su. Ɗalibi ya buɗe kwamfutarsa, ya shigar da bayanan da ya riga ya haddace, komai ya tafi sumul, a ɗaure littafin da baƙin bango a jera a kanta, ƙura ta gaje shi. Ban ɗora wa ɗaliban laifi ba, abin da aka nuna musu ana ba maki a kai shi suke kawowa. Kuma ba na karɓar uzurin rashin kayan aiki a wannan fanni kamar yadda zan karɓa a fannin haɗa magunguna ko kimiyyar ƙwayoyin halitta. Kwamfutar da Fredriksen da So suka yi aiki da ita ba ta kama ƙafar wayar da ɗan aji ɗaya ke riƙe da ita yau ba. Kayan gwajin kyauta ne a intanet, manhajojin da za a gwada su ma kyauta ne, masu su kuma na maraba da rahoto. Wuta ce matsala ta gaske, sai malamin da zai riƙe tambaya ɗaya shekara biyar bai sake ta ba.

Tambayar kuma tana nan a ƙofar gida, babu wanda zai zo daga Madison ya amsa mana ita. Manhajojin da ake amfani da su a ƙasar Hausa, nawa ne cikinsu ke karɓar hamza da ƙ da ɗ da ɓ su mayar da su yadda aka ba su? Me suke yi da mutumin da sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe, ko wanda lambar wayarsa ta Nijar ce mai lamba takwas? Me ke faruwa in sabis ya yanke a tsakiyar biyan kuɗi, wanda a wurinmu ba hatsari ba ne, al'ada ce? Ajin ƙarshe guda ɗaya, da izinin hukumar makarantarsu, zai iya bin shafukan jami'arsu kaf cikin zango ɗaya ya ƙirga, ya rubuta, ya miƙa wa masu gyara, ajin baɗi ya dawo ya ga nawa aka gyara. Malamin da ke zuwa daga wata jami'a don tantance furojet shi ma zai iya farawa tun bana ba tare da an ƙara masa ko sisi ba: ya karɓi kwamfutar daga hannun ɗalibin, ya buga Sa'adatu a gurbin suna, ya bar gurbin shekaru fanko, ya danna turawa sau biyu a jere.

Ita dai 'yar ƙanwar tawa ta samu makarantar, ta kuma gama. Takardar shaidarta Saadatu take ɗauke da shi, sauran takardunta kuma Sa'adatu. Da ta je neman aiki bara, sai da muka tafi kotu ta yi takardar rantsuwa cewa su biyun mutum ɗaya ce.